Naman Layya a Gidan Jatau

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na yi warin burkutu ba tare da na kurɓi ko ɗigo ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuwa ina da wata bakwai cif da tuba daga shan giya.

A wajen haƙar kuza a Riruwai na koyi sha. Da na dawo ƙauyenmu kusa da Tudun Wada sai na zarce da karatun a gidan Jatau, wani Bamaguje da ke bayan rafi, wanda matarsa Tambai ta fi kowa iya dafa abin. (Allah Ya yafe mini, har yau ban ga wadda ta kai ta ba.) Matata Hajo ta gaji da ɗauko ni daga bakin hanya, ta tattara ta koma gidansu a Dangora. Baffanta Malam Sule ya kafa sharaɗi guda: washegarin Babbar Sallah zai zo da kansa ya gan ni. In bai ji wari ba, Hajo ta dawo. In ya ji, shi ke nan.

Na tsorata da Sallar nan ƙwarai, domin da can ranar Sallah ce ranar da na fi lalacewa. Malaminmu ya ce mini, "Ba a kokawa da abin nan. In ka ga ƙwarya ta nufo ka, ka ba ta baya." Na riƙe maganar da hannu biyu.

To, al'adar gidanmu ce tun zamanin kakanni a kai wa gidan Jatau cinyar rago, su kuma su aiko mana da sabuwar dawa da kaka. Da safiyar ranar da ake jiran Malam Sule, babana ya dube ni ya ce, "Kai za ka kai. Wanda ya san hanya shi ake aika." Ban ga alamar wasa a fuskarsa ba.

Na saka sabuwar rigata fara, na ɗauki nama, ina tafe ina karanta duk abin da na haddace (ba shi da yawa). Tun daga rafi warin ya tarbe ni kamar tsohon aboki. Yawuna ya tsinke.

Jatau ya karɓi nama, muka gaisa, ya ce in zauna in huta. Ina shirin ƙirƙiro uzuri sai ga Tambai ta fito daga ɗaki da ƙwarya rufe da faifai, tana murmushi, ta nufo ni kai tsaye.

"Ɗan gidana, ga naka na ajiye maka tun jiya."

Ban tsaya jin sauran ba. Na miƙe na ba ƙwarya baya kamar yadda aka umarce ni, sai dai malaminmu bai faɗi ta ina za a bi ba. Tambai ta tare ƙofa, don haka na tsallake danga. Abin da na manta, ni da na yi shekara uku a gidan, shi ne bayan dangar nan ake zubar da dusar burkutu. Na faɗa ciki har ƙugu, sannan na zame na ƙarasa da fuska.

Haka na iso gida, ba hula, takalmi ɗaya, ƙudaje na yi mini rakiya. A zaure na tarar da babana da Malam Sule a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe su. Malam Sule bai ko buƙaci matsowa ba.

"Baffa, wallahi ban sha ba."

"To," ya ce, "wanka ka yi da ita ke nan." Ya fara laluben sandarsa. Na ji hawaye ya zo mini, domin na ga Hajo ta tafi a kan laifin da ban ci daɗinsa ba.

Sai ga sallamar Jatau, hulata a hannu ɗaya, ƙwaryar nan a ɗaya. Ya buɗe faifai. Fura ce da nono.

"Malam," in ji Jatau, "sabuwar ƙwarya Tambai ta sa aka fafe don shi, giya ba ta taɓa shiga ba. Tun da ya tuba ta rantse ko ya roƙa ba za ta ba shi ba. Mu dai mun ga mutum ya tashi sama."

Malam Sule ya dube ni, ya dubi furar, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ɗaga ƙwarya ya sha rabi, ya miƙo mini saura. "Jibi za a kawo Hajo. Amma ka yi wanka tukuna."

Hajo ta wanke rigar sau huɗu, ba ta koma fara ba, kuma har ta tsufa in muka yi baƙi sai ta ba da labarin. Ni dai shekara arba'in ke nan ban sha ba. Har yanzu ina gudun abin, amma na koyi buɗe faifai kafin in tsallake danga.