Jam'iyyar Masu Cibiya

A wani daji da ke da tafki ɗaya tal, ruwa ya yi ƙaranci a shekarar zaɓe. Gyado, wanda da ba a ko gayyatarsa taro, ya kafa jam'iyya mai magana ɗaya: wanda ba a binne cibiyarsa a dajin nan ba, kada ya sha tafkin. Kowa ya san da Shamuwa yake, baƙuwar da ke zuwa duk damina. A lokacin kuwa tana kwance kan ƙwai a kukar bakin ruwa.

An yi masa dariya, har ranar da aka jeru a bayan 'yan takara. Layinsa ya zarce na Giwa, tsohuwar shugaba, amma bai kai rabin daji ba, alhali sai da rabi ake samun mulki. Sai ya nufi wurin Kada, jagoran mazauna bakin ruwa.

"Yallaɓai, ka ba ni mutanenka, in ba ka sarautar tafki," in ji Gyado.

Kada bai taɓa sauraron jawabinsa ba, sarautar kawai ya ji. Ya ce ya yarda. Haushin Kada ya fi cina a labarin nan, wallahi, don shi ba ƙiyayya ce ta kai shi ba, kwaɗayi ne.

Ranar rantsuwa Gyado ya hau suri, ya ce, "Jama'a, daga yau babu cin amana. Kowa ya je ya tsaya inda aka binne cibiyarsa. Wanda ya rasa wurin tsayawa, ya bar mana dajinmu kafin faɗuwar rana."

Barewa ta ruga gindin ƙirya. Zomo ya yi tsalle ya faɗa cikin gamba. Kada ya tsaya turus, Kunkuru da Zabuwa da Guza suna bayansa, suna kallon juna.

Shamuwa ta leƙo daga sheƙarta, ta ce, "Malam Kada, ni dai na san daga ƙwai na fito, zan tafi in bar nawa su mutu. Kai ina ka nufa?"

Kada ya daɗe yana duban cikinsa. Sannan ya ce, "Gyado, kakan kakana a yashin nan aka ƙyanƙyashe shi. Yau ni ne baƙo?"

"Ai kai daban ne, yallaɓai. Za a duba maganarka daga baya."

"Daga baya," in ji Kada. Ya ja jiki ya koma bayan Giwa, duk mai ƙwai ya bi shi. Zabi suka ɓarke da guɗa, kwaɗi suka amsa har tafkin ya ɗauka. Gyado ya sauko daga suri, layinsa na nan da tsawonsa, amma babu mulki.

Da 'ya'yan Shamuwa suka ƙyanƙyashe, ɓawon ƙwan ya faɗo gindin kuka. Ƙasa ta rufe shi, ba ta tambayi na wane ne ba.