Shugaba Ya Tafi Aron Kwaɗi

Allah ya yi wa manoman shinkafar fadamar nan gata da ya ba su Shugaba. Mutum ne da ya san noma ciki da waje, musamman waje, don daga bakin titi yake yin nasa, a ƙarƙashin lema. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Sarkin Inuwa. Bai taɓa dasa shinkafa ko ƙwaya ɗaya ba, amma in ya buɗe baki a taron ƙungiyar manoma sai ka rantse shi ya koya mata tsiro.

Gonarsa ce ta farko a bakin kwatar da ke kawo ruwa daga kogi. Daga gefenta ruwan ke gangarawa gonar yayarsa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da wannan ɗan fili. Kowa na ce masa ranka ya daɗe, ita kuwa Auta take kiransa, ko a gaban wa.

Wata rana labari ya zo cewa baƙi masu kula da muhalli za su zagayo, kuma gonar da ta burge su za ta sami lambar yabo. Shugaba ya tsaya ya ƙare wa gonarsa kallo, ransa ya ɓaci. Ga laka, ga kwaɗi na tsalle babu ladabi, ga balbelu na yawo kamar gonar ubansu.

"Muhalli tsafta ne," in ji shi. "Mu da muka zaga duniya mun sani. Ba za a kawo mini manyan mutane su tarar da kwaɗo ba."

Duniyar da ya zaga dai taron bita ne na yini guda, wanda ya yi barci a rabinsa.

Ya sa aka yi feshin magani har ƙananan kifaye suka juyo da ciki sama. Kwaɗi suka mutu, balbelu suka yi ƙaura. Sannan ya kira magini ya toshe inda ruwan ke gangarawa gonar Yaya da siminti, don gonarsa ta cika fal ta riƙa ƙyalli, baƙi kuma su sami wurin takawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A lokacin shinkafar Yaya ta ɗauki ciki, lokacin da ƙishi ke kashe ta. Ƙasa ta fara tsagewa, ganye ya naɗe.

Ta same shi a ofis yana gwada murmushin hoto.

"Auta, ka buɗe mini ruwa."

"Yaya, ci gaba sai da sadaukarwa. Ki yi haƙuri baƙi su zo su tafi."

"Shinkafar ma haƙurin za ta sha?"

Ya ce zai kafa kwamiti.

Ana gobe baƙi za su zo, sakataren ƙungiya ya shigo yana sosa ƙeya. Ashe mutanen nan ba tsafta suke nema ba. Kwaɗi suke dubawa, da kifaye da tsuntsaye, don a wurinsu gonar da kwaɗo ke kuka ita ce mai lafiya. A duk fadamar feshinsa ya bi iska ya yi ɓarna, wurin da kwaɗi suka rage kawai shi ne wani ɗan kududdufi a ƙarshen gonar Yaya, inda suka cunkushe suna jiran ikon Allah.

Girman kai rawanin tsiya, amma lambar yabo ta fi. Ya tafi wurin Yaya da bokiti, ya durƙusa har ƙasa, abin da rabonsa da yi tun yana neman kuɗin makaranta.

"Yaya, aro na zo."

"Na me?"

Ya waiga hagu da dama. "Kwaɗi. Gobe da yamma zan dawo miki da su."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta shiga rumfa ta fito da guduma.

"In kana son kwaɗi, je ka fasa simintin nan. Ba magini ba. Kai da hannunka."

Ranar manoma suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Sarkin Inuwa a tsakiyar rana, laka har gwiwa, yana dukan siminti yana haki. Da ruwan ya ɓalle sai da ya zaunar da shi, sannan ya wuce gonar Yaya. Ita kuwa ta cika alkawari, ta cika masa bokiti.

Washegari baƙi suka iso da kyamarori. Sakatare ya laɓe a bayan kunyar gona da bokitin kwaɗin, Shugaba na ɗaga hannu sai ya juye shi.

"Ga su nan," in ji Shugaba a lasifika. "Ni da kwaɗin nan mun zama ɗaya. Kamar 'ya'yana na ɗauke su."

'Ya'yan suka shaƙi warin magani sau ɗaya. Babbansu ya yi tsalle ya haye kunya, sauran suka rufa masa baya, suka bi ta tsakanin ƙafafun baƙi, suka faɗa kwata, ruwa ya mayar da su gida. Baƙin suka juya da kyamarorinsu suka bi su a guje, har inda Yaya ke tsaye cikin ruwa tana duba shinkafarta da ta fara buɗe ganye.

Shugaba bai fasa jawabi ba, don saura shafi biyu. A duk faɗin gonar tasa, mai kumbura maƙogwaro yana ƙara shi kaɗai ya rage, kuma ko shi ba wanda ya tsaya ɗaukarsa hoto.