Rasuwar Tsinke, Mai Raba Tsaga a Shagon Mai Ido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana tumbatsa, ni uwargidan Mai Ido, masassaƙin nan na bayan tasha, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da 'yan baƙin ciki cewa rai ya yi halinsa. Tsinke ya riga mu gidan gaskiya.

Wanda bai san marigayin ba kada ya ji kunya, ɓoye shi ake yi. Ɗan ƙarfe ne bai kai yatsana tsawo ba, yana zaune a bayan injin nan mai juya katako. Kusa da shi akwai faifan ƙarfe mai huji ashirin da huɗu a kewaye. In an gama sassaƙa ƙafar tebur ana son a yi mata tsaga, sai a kashe inji, a zura Tsinke a huji, katako ya tsaya cak, a ja tsaga ɗaya. A zare shi, a tsallake huji biyu, a sake zurawa. Haka har a zagayo, kowace tsaga da 'yar uwarta kamar an raba gado a gaban alƙali.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya neman suna. Maganarsa ɗaya ce a duniya: ƙyat! Tun ina goyon autata yake wannan aiki, maigidana kuwa yana gaya wa gari cewa shi da ido yake raba tsaga, babu awo babu tef, baiwa ce daga kakanni. Nan ya samo sunan Mai Ido. Mutumin da kullum sai na nemo masa hularsa alhali tana kansa! In baƙo ya shigo shago, sai ya yafa wa Tsinke tsumma, kamar mai ɓoye nama ranar da surukai suka zo.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Mai gidan abincin nan na bakin titi ta ba da aikin babban tebur, an gama ƙafa uku, ana kan ta huɗu sai ga ta ta zo dubawa. Mace ce mai ido a tsaye, ba irin na wasu ba. Ta nuna tsumman ta tambayi abin da ke ƙarƙashi. Tsohon nawa ya rantse babu komai, ya hura hanci, kuma don ya kau da zancen sai ya danna makunni. Ya manta marigayin yana cikin huji yana bakin aiki. Inji ya yi gurnani, bel ya yi ƙauri, muka ji ƙas! Kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Ni ce na tsinci kansa a cikin garin katako, don ina bakin ƙofa, wucewa kawai nake yi.

Ya rasu ya bar faifai, gwauruwa, da huji ashirin da uku masu lafiya da ɗaya da ya yage. Ƙafafun tebur uku kyawawa. Sai marainiya ta huɗu, wadda Mai Ido ya ƙarasa da baiwar kakanni. Tsagar ta fito kamar haƙoran bakina: nan biyu sun rungume juna, can giɓin da akuya za ta wuce. Ya ba da shawara a jingina wannan ƙafar da bango. Mai teburin ta ce a tsakiyar ɗaki za ta ajiye shi, kuma ranar Asabar za ta dawo, ko ƙafa huɗu masu kama ɗaya ko ta kai aikin gaba, da labarin.

Wani abin tausayi, tun ranar da aka yi rashin nan idon maigida ya soma hazo. Wai shekaru ne. Kun ga zumunci, ashe tare suke gani.

Za a yi wa mamacin wanka da baƙin mai gobe da hantsi, a naɗe shi a tsumman da ya rufa masa asiri, a binne shi a gwangwanin tsofaffin ƙusoshi. Zaman makoki a shago ne, an jingina ƙafa ta huɗu a bakin ƙofa don masu son ganin marainiya. Masu kawo maganin ido kuwa su huta. Duk mai tsinke irin wannan ya miƙo mini ta ƙofar baya kafin Asabar, in sha Allahu idon zai buɗe.