Gilashin da Ya Watse Taron Sunan Ɗana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da makon da aka haifi ɗana na biyu. Lokacin ina koyon aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti a Yendi, ƙarƙashin Madam Azara, mace mai ido kamar na kwastan.

Aikinmu neman tarin tibi. A shafa kakin majiyyaci a ɗan gilashi, a zuba masa wani rini rawaya, a sa shi a madubin likita mai fitila. Idan akwai ƙwayar cutar sai ta kama rinin ta yi ta ƙyalli cikin duhu, kamar an watsa shinkafa mai wuta. Madam tana da gilashi guda cike da ƙwayoyin, wanda take gwada ingancin rinin da shi.

To, ni kuma tari ya riƙe ni mako biyu. Maimakon in yi magana (ni da nake wa mutane huɗuba kada su ji kunyar gwaji), sai na shafa kakina a ɓoye, ban rubuta suna ba. Ina gama rinawa na ji takun Madam, na yi wuf na cusa shi cikin jerin gilasai. Da ta fita na zaro, na leƙa.

Jama'a, gari guda na gani da fitilu. Ban tuna kaina ba, jaririn na tuna, wanda na rungume ranar haihuwa har ina hura masa addu'a a fuska. Na jefa gilashin a aljihu na hau motar Salaga, inda iyalina suke, duk tarin da na yi a hanya sai in ji kamar na kashe na kusa da ni.

Ranar suna na ɗaura takunkumi biyu na rakuɓe a gindin mangwaro. Na ƙi shiga ɗakin mai jego. Aka miƙo mini yaron, na ja da baya da hannuwa a ƙugu. Da ɗan fari ne sai a ce kunya ce, amma na biyu? Mata suka fara kallon juna. Gwaggon matata, Hajiya Mariya, wadda ta taso takanas daga Bawku, ta zo ta tsaya a kaina.

"Kai, gaya mini gaskiya. Yaron nan, ba ka yarda naka ne ba?"

Na hango matata a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Tsoro ya haɗu mini biyu. Na miƙe na ce, "Gwaggo, nawa ne wallahi. Tibi gare ni. Mai yawa."

Ban san tsofaffi na iya gudu haka ba. Kawuna ya bar takalmi ɗaya. Matata ta ƙanƙame yaron ta fashe da kuka.

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Madam. Garin sauri na danna ta a sifika, kowa na ji.

"Kai! Wa ya ɗauki gilashina na gwaji? Na duba wanda yake wurin, ba suna, ba ko ƙwaya ɗaya! Saura kaɗan in zubar da rini duka, na zaci ya lalace!"

Na shafa aljihuna. Wato gilashin Madam na ɗauko tun daga Yendi nake makoki a kansa, nawa kuwa shi ne wanda ba komai.

Na ce a hankali, "Madam, wancan marar sunan nawa ne."

"Naka? To ka zo Litinin a sake maka da kyau, ka bi layi kamar kowa. Sakarai."

(An sake. Mura ce.)

Baƙi dai ba su dawo ba, mu da maƙwabta muka kwana uku muna cin shinkafa da wake. Gwaggo ta ɗora mini yaron a hannu ta ce, "Riƙe, likitan banza." Na riƙe shi ina kuka kamar ni aka haifa.

Tun daga nan na gane fitila ba ta ƙarya, abin da ka sa mata shi take haskawa. Ƙaryar tana wajen mai leƙen, musamman in matsoraci ne da ya naɗa kansa likitan kansa.