Gaiwar Malam Jumare

A zamanin Turawa ƙasar Tambuwal ta yi malamai, ta yi alƙalai, ta yi mahaddata, amma masanin halittu ɗaya tak Allah ya ba ta, shi ne Malam Jumare, malamin daji na En'e. Aikin da aka ɗauke shi shi ne hana mutane sare itatuwan gandun daji. Aikin ya yi masa kaɗan, sai ya bar itatuwan su kula da kansu, shi kuma ya fuskanci ilimi.

An san inda ya samo ilimin. An taɓa tura shi kwas Sakkwato, aka bar shi ya leƙa madubin likita, wanda ke mayar da ƙaramin ƙwaro ƙato. Waɗanda suka je tare da shi sun ce idon da ya runtse shi ya kanga a bakin madubin. Hassada ce. Da aka dawo, abin da ya gani ya fi na kowa yawa.

Daga ranar ba a sake shan ruwa cikin kwanciyar hankali a gabansa ba. Da ka ɗaga ƙwarya zai riƙe maka hannu.

"Dakata! Ka san rayukan da kaka shirin haɗiyewa? Mu da masanan Ingila mun gama bincike kan ruwan tafki."

Haka yake magana, shi da masanan Ingila, kamar tare suke cin tuwo. Idan sauro ya sauka a hannun mutum, Malam ba ya bari a kashe shi sai ya duba ko mace ce, don macen ita ke kawo masassara. Kafin ya gama dubawa ta sha ta ƙoshi ta tashi. 'Yan kasuwa suka naɗa shi Sarkin Ƙwari, ya karɓa hannu biyu. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ban ce ba a saurarensa ba. Ranar kasuwa mutane kan taru su ji labarin tsuntsun da aka sa wa zobe a Turai aka tsince shi a ƙasar Hausa, ko yadda fara guda mai yawonta ita kaɗai take sauya launi ta shiga runduna. Labaran suna da daɗi, kuma yawancinsu gaskiya ne. Matsalar ita ce a ƙarshen kowanne sai ka iske Malam ne ya gano.

Ana nan sai wani Bature ya sauka a barikin Tambuwal. Ba haraji ya kawo shi ba, ƙwari da ƙadangaru yake tarawa a kwalabe, don haka aka sa masa Mai-kwalabe. Ya sanar cewa yana neman gaiwa da ranta, a cikin curin laka da take kwanciya idan fadama ta ƙafe. Kuma yana neman mataimaki da zai tafi da shi Kaduna, a ba shi keke da kaki. Wanda ya kawo gaiwar shi za a duba.

Kaduna! Malam ya yi shekaru yana jin cewa Tambuwal ta matse masa kamar rigar yaro. Tun kafin ya ga gaiwar ya fara sallama da mutane, yana yafe musu jahilcinsu.

Ranar kasuwa ya tsaya a rumfar masu kifi ya yi lacca.

"Ku kuna cin gaiwa ba ku san mi kuka ci ba. Wanga ba kifi ne awa sauran kifaye ba. Huhu gare ta irin namu. Ko tana ƙarƙashin ƙasa iska taka shaƙa. Abin da munka gano shi ne, 'yar'uwarmu ce."

Yelwa, tsohuwar da ke sayar da busasshen kifi, ba ta ko ɗaga kai ba.

"'Yar'uwakka dai, Malam. In kana son ta ga ta nan an ƙyafe ta, sai ka kai gida a yi mata sutura."

Malam ya kaɗa riga ya wuce. Masani ba ya jayayya da mai kifi.

Ya hau doki ya tafi ƙasar Kebbe, ya tara masu haƙar gaiwa a wata busasshiyar fadama. Ya zauna a inuwa ya koya musu yadda ake haƙa, su kuma suka haƙa yadda suka saba. Aka fito da curin laka babba, gaiwa na ciki lafiya lau, da ɗan hujin da take numfashi ta nan.

A nan ne Malam ya nuna bambancinsa da sauran mutane. Da wani ne, da ya naɗe curin a tsumma ya kai. Malam kuwa ya dubi abin ya ga bai dace da darajarsa ba: ga tsaga, ga saiwoyin ciyawa, kamar abin da jaki ya tono. Da ya dawo Tambuwal, ya aika aka kira Namadi magini.

"Ka gyara min shi awa bangon gidan sarki. A shafe shi sumul, a yaɓa makuba, a yi zane."

Namadi ya juya curin ya ce, "Wanga huji fa, Malam?"

"Kai ka taɓa ganin an kai wa Bature abu da huji? Toshe."

Namadi ya toshe. An yi aiki mai kyau ƙwarai. Kafin makubar ta bushe Malam ya ɗauki tsinke ya rubuta sunansa da boko a jiki, manyan baƙaƙe, don kada masanan Ingila su rikice. Aka shanya a rana. Mai-kwalabe ya fita rangadi, don haka curin ya yi makonni a zauren Malam, an rufe shi da zanen saƙi, baƙi suna zuwa kallo.

Da Baturen ya dawo, aka taru a bariki, har da wakilin hakimi. Malam ya sa babbar riga, ya yaye zanen, ya yi jawabi.

"Ranka ya daɗe, ga amanar ilimi. Daga yau Kebbe ta shiga littafi, kuma ta hannuna tas shiga."

Mai-kwalabe ya zagaya curin yana neman wani abu. Bai samu ba. Ya sa aka kawo daro da ruwa aka tsoma. Makubar Namadi ta daɗe tana gardama kafin ta jiƙa. Da ta buɗe, wakilin hakimi ne ya fara tuna cewa yana da wani uzuri a gida. Sauran suka bi shi, kowa da hannun riga a hanci.

Baturen ya tambaya da Hausarsa mai sanyi, "Wane ne ya rufe ƙofar iska?"

Malam ya waiga ko zai ga Namadi. Namadi yana Sanyinna yana gini. Sunan Malam da ke jikin ɓawon makubar kuwa ruwa bai goge shi ba.

Mai-kwalabe ya tafi Kaduna da kukunsa, keken ma kukun aka ba.

An zaci Malam zai kwana biyu a ɗaka. Ba a san shi ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Kasuwa ta gaba yana nan a rumfar masu kifi, ya ɗaga yatsa.

"Bincike ya kammala. In anka toshe wa gaiwa iska, mutuwa taka yi. Ni na fara tabbatar da haka, a gaban shaidu."

Babu wanda ya musa masa. Daga Tambuwal har Kebbe ba a taɓa samun wanda ya buƙaci ya gwada ba.