Gwamnan Ƙofa Ya Haifi Ɗan Birni

Duk ƙauyenmu babu wanda ya san birni kamar Pang Deshun. Ai dole, mutumin da ya shekara biyu yana ɗaga wa motocin manya sandar ƙofa a Beijing. Tun da ya dawo da tsohuwar rigar gadi ya daina gaisuwa sai da kai, ko taki zai saya sai ya soke alƙalami a aljihu. Mu muka raɗa masa Gwamnan Ƙofa. Bawan Allah ya ɗauka girmamawa ce, har amsawa yake yi.

Da ɗansa Wenbo ya samu jami'a a Beijing, sai maganar rajista ta taso: a bar sunan yaron a littafin rajistar ƙauye, ko a mayar da shi rajistar makaranta a birni? Kowa ya san ka'idarmu. Wanda sunansa ke ƙauye a matsayin manomi, in zai yi aure ana yanka masa filin gini. Wanda ya fita kuwa ya fita.

Matarsa Guilan ta ce, "Baban Wenbo, a bar sunan nan. Karatu zai je, ba ƙaura ba. Ina zai yi gini in ya tashi aure?"

Gwamna ya yi mata dariyar tausayi. Ya yanka alade, ya tara mu, ya miƙe da ƙoƙon giyar dawa a hannu.

"Jama'a, ku manoma ne, ban ga laifinku ba. Amma jinin Pang ya gama taka laka. Daga gobe ɗana ɗan Beijing ne, a rubuce, da hatimi. Fili? Ku shuka tafarnuwa a kai."

Muka tafa. Naman ya yi daɗi.

Daga nan fa muka shiga uku. Ba ya buɗe baki sai da "mu mutanen Beijing". Zakarun ƙauye suka fara hana shi barci, ruwan rijiyarmu ya fara ɓata masa ciki, rijiyar da kakansa ya haƙa.

Wenbo ya gama karatu, jami'a ta ce ya kwashe sunansa, aron wuri dama ta ba shi. Shagon wayoyin da ya ɗauke shi aiki ba shi da ikon yi masa rajistar birni. Ga budurwa, iyayenta sun ce ba gida ba aure.

Gwamna ya goge rigar gadi, ya rungumi kwalin sigari, sai gidan shugaban ƙauye, Tian.

"Na zo in yi wa ƙauye alfarma," in ji shi. "Zan dawo muku da mai digiri."

Tian ya zuba masa shayi. "Yaya Pang, za a rubuta shi, amma tunda ya taɓa fita, ba a matsayin manomi ba. Fili kuwa na manoma ne."

Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Wallahi yaron ya ba ni tausayi, don ba a taɓa tambayarsa ba.

Amma Gwamna gwamna ne. Da yamma ya iske mu a gindin bishiya, ya gyara murya. "Sun roƙe ni, na ƙi. Ɗan birni ya yi gini a ƙauye? Abin kunya."

Wenbo, da ya zo ganin gida, na tsaye bayansa da buhun masara a kafaɗa. Ya sauke a hankali.

"To Baba, ni ɗan birnin, a wane birni zan ajiye amaryar?"