Waya Ɗaya Ta Ishi Gida

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka kafa falwayar lantarki a ƙofar gidanmu a Gummi ba, don a shekarar ne na kusa korar wa kaina mata da hannuna.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata firamare, ina kuma neman auren Balki, 'yar Bukkuyum. Mahaifinta ya rasu, magana tana hannun baffanta, Alhaji Mamman, ɗan kasuwar hatsi, irin mutanen nan da ba sa sayen buhu sai sun zura hannu har gindinsa. An kai gaisuwa, an yi komai, sa rana kawai ya rage, shi kuwa kullum sai ya ce a dakata. Har labari ya iso mini cewa ya ce, "Malamin makaranta, in ka amshe mashi alli, mi ya rage?" Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Da wuta ta iso unguwarmu na kira mai wayarin. Ya zagaya gida, ya ce kowane ɗaki sai an kai masa wayoyinsa daban, ya faɗi kuɗin da sai da na nemi wurin zama. Na sallame shi da "sai na neme ka," a raina kuwa cewa nake, ni za a cuta? Ni da nake zana wa yara batir da ƙwan fitila a allo? A zanen nan ai layi ɗaya ne yake fita, ya bi ta ƙwai, ya komo gida. (Zanen kuwa, ƙwai ɗaya ne da shi. Wannan bai dame ni ba a lokacin.)

Ranar kasuwa na sayo waya mafi araha, da ƙwayaye, da makunnai, da salatif. Na ɗauko waya daga zaure, ta shiga makunni, ta shiga ƙwai, ta fita ta faɗa ɗakina, daga nan ɗakin Inna, daga nan na yayana, har madafa, sannan ta juyo. Na shirya su kamar tasbaha a zare ɗaya. Har waya ta yi saura, na naɗe na rataye a zaure don masu wucewa su ga tattali. Inna ta dubi aikin ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ashe karatun bai tahi banza ba." Kaina ya ƙara girma, na tara mutanen gida na yi musu huɗuba: duk wanda zai fita ɗaki ya kashe wutarsa, ba na son ɓarna.

Matsala ɗaya ce. Tun da aka jona mu ba a kawo wutar ba, ko ƙyaftawa. Aikin da ba a gwada ba kuwa ba ya da aibi. Don haka na tura wa Balki saƙo ta shaida wa baffanta cewa gidan da za ta zauna akwai lantarki, kuma angon ne ya haɗa da hannunsa.

Saƙo ya isa fiye da yadda na so. Wata ranar kasuwa bayan la'asar sai ga Alhaji a ƙofar gida, wai ya biyo ya sha ruwa. Na san ba ruwa ya kawo shi ba, buhu ya zo zura wa hannu. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa gefe, Inna ta aiko da fura. Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan da ke reto a azara, ya ce, "Wanga shi na aikin naka?"

"Shi ne, Baba."

"To, gani ya kori ji."

A zuciyata roƙo nake kada a kawo wuta, ina kuma roƙon a kawo. Mun dawo daga sallar magariba ke nan sai unguwa ta ɗauki ihu, an kawo wuta! Gidan maƙwabcinmu ya haske fes. Na miƙe, na gyara hula, na yi bisimilla da ƙarfi yadda Alhaji zai ji, na danna makunni.

Shiru. Na sake dannawa. Shiru.

"Ina zuwa, Baba," na ce, na faɗa cikin gida da gudu. Na danna na ɗakina, babu. Na Inna, babu. Na yayana, babu. Sai da na danna na madafa, na ƙarshe, sannan ƙwayayen suka amsa gaba ɗaya. Amsawar kuma ba ta arziki ba: kowane ƙwai ya yi ja-ja kamar garwashin da aka kwana a kansa. Wutar da ƙwai ɗaya zai sha ita na raba wa gida duka.

Na komo zaure ina haki. Alhaji yana zaune cikin duhu. Na ce, "Ta kawo, Baba."

"Ina take?"

Ya laluba aljihu ya ciro tocila, ya haska sama, ya bi azara a hankali har ya sami ƙwan. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Af, ga ta nan kuwa. Allah shi raya ta."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ciki. Ina cikin haɗa bayanin cewa wutar yau ce ba ta da ƙarfi (ga gidan maƙwabci kamar rana), sai ɗan jan ma ya ɗauke ɗif. Na manta da kunyar suruki, na ɗaga murya, "Inna! Wa ya taɓa?"

Daga tsakar gida ta amsa, yadda har na kan titi zai ji, "Ni ce! Ba kai kac ce in za a hita ɗaki a kashe ba? Ɗakina nik kashe, mi ya haɗa ni da zaurenku?"

"Don Allah ki kunna!"

Ta kunna, garwashi ya dawo. Matar yayana ta gama kwashe tuwo, ita ma mai bin doka ce, ta kashe na madafa. Ɗif. A nan Alhaji ya kasa riƙewa. Dariya yake har tocila tana rawa a bango, yana share hawaye da bakin rawani. Ni dai ina durƙushe, na riga na yi ban kwana da Balki a raina.

Da ya nutsu sai ya ce, "Malam, ka turo manyanka a sa rana bayan kaka. Wanda yab bi ɗaki-ɗaki da gudu don shi hidda kai kunya, ba ya barin ɗiyata da yunwa." Ya miƙe, ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Amma in Allah ya kawo rabo, ka bar ma ungozoma aikinta. Kak ka ce ka taɓa ganin zanen ga allo."

Washegari na nemo mai wayarin, aka warware komai aka sake daga farko. Tun daga ranar na yarda araha ba ta ado. Na kuma koyi cewa in har mutum ya nace sai ya yi wauta, to ya gwada ta shi kaɗai kafin ya aika wa surukai goron gayyata.